Tallafin Abinci: A Zuba Kuɗin a Rumbun Unguwa Tun da Kaka

A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa ta tura tirela 740 na shinkafa zuwa jihohi, kowace jiha da Abuja tirela 20, kowace tirela ɗauke da buhu 1,200 mai kilo 25. A rediyo adadin yana da daɗin ji. Amma a ɗauki alƙalami. Tirela 20 buhu 24,000 ke nan. Jihar Kano tana da mazaɓu 484. In an raba daidai, ba wanda ya taɓa ko ƙwaya a hanya, kowace mazaɓa za ta tashi da buhu 50. Mazaɓa guda kuwa a Fagge ko Dala ko Ungogo tana ɗauke da dubban gidaje. Wannan fa a lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, a shekarar da aka ga magidanta a Arewa suna sayen afafata, dagargajajjiyar shinkafar da a da kifi ake zuba wa, su kai gida a dafa wa yara.

Ba na raina buhun shinkafa. Wanda ya kwana biyu bai ɗora tukunya ba, in aka miƙa masa kwano ɗaya an yi masa komai, kuma da babu gara ba daɗi. Sai dai mun ga inda wannan salon yake kai mu. A cikin 'yan kwanaki na Disambar 2024 mutum 67 suka mutu a turmutsitsin rabon abinci da kyauta: yara 35 a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, 10 a wata majami'a a Abuja. Kafin nan, a watan Maris na shekarar, an rasa rayuka a Bauchi wurin rabon zakka, an rasa ɗalibai a jami'ar Keffi wurin rabon shinkafa. Masu rabon nan yawancinsu alheri suka nufa, ba na shakka. Layin ne da kansa yake kisa idan yunwa ta kai wani matsayi.

Ra'ayina shi ne, mafi yawan kuɗin da ake warewa da sunan tallafin wadata al'umma da abinci, na gwamnati ne ko na ƙungiyoyin agaji ko na attajiranmu, ana kashe su a lokacin da bai dace ba, ta hannun waɗanda ba su dace ba. Suna zuwa bayan abinci ya riga ya yi tsada, a saye shi a kan farashi mafi muni na shekara, a raba a wuni guda, a ɗauki hoto. Da kaso mai tsoka na kuɗin nan zai shiga hannun ƙananan ƙungiyoyin ƙauye da unguwa tun da kaka, su sayi hatsi yana araha su adana, da naira ɗaya ta yi aikin da naira biyu ba ta yi a yanzu.

Duk wanda ya san karkara ya san yunwarmu tana da kalanda. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, gero da dawa da masara suna zuba a kasuwa, farashi ya faɗi. A daidai lokacin ne kuma ƙaramin manomi yake da bakin buƙatu a kansa: mai taki yana jiran kuɗinsa, ga kuɗin makaranta, ga auren 'ya, ga bashin da aka ci a asibiti da damina. Ba shi da wani abin sayarwa sai abin da ya girbe. Sai ya auna wa 'yan sari, motoci su kwashe zuwa Dawanau ko Giwa ko Dandume. Kafin bazara ta ƙare rumbunsa ya yi ƙasa. Zuwa marka, Yuli da Agusta, ga ruwa ga ciyawa ga aikin gona ya kai wuya, shi kuma yana kasuwa yana sayen irin hatsin da ya sayar, a kan farashin da ya ɗara na kaka nesa ba kusa ba. Don ya sami kuɗin awo sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani. Gonarsa ta sha ciyawa, amfanin bana ya ragu, kaka mai zuwa ya sake sayarwa da wuri. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960 ta rubuta wannan zagayen dalla-dalla, yadda talauci yake hana talaka noma gonarsa. Fiye da shekara hamsin ke nan, kuma da za ta dawo ba abin da za ta goge.

Talakan birni ma a cikin wannan tarkon yake, illa dai shi ba shi da ko kakar. Mai gadi, ɗan dako, mai wankin hula, bazawara mai 'ya'ya biyar a Rimin Kebe ko Kurna, kullum da gwangwani ko rabin kwano suke awo. Wanda yake saye da gwangwani shi ya fi kowa sayen abinci da tsada a ƙasar nan. Ma'aikacin da ya iya ajiye buhu uku da kaka ya ci araha shekara guda, maƙwabcinsa da ba shi da hali ya biya ribar ɗan sari, da ta mai sito, da ta mai awon bakin layi.

To ina kuɗin suke tafiya, tunda ba za a ce ba a kashewa ba?

Ɗaya daga cikin shirye-shirye mafiya daɗewa da suka gwada miƙa kuɗi ga al'umma kai tsaye shi ne Fadama, na Bankin Duniya. Kashi na farko ya gudana daga 1993 zuwa 1999, shi ya cika fadamunmu da ƙananan rijiyoyi da injinan ban ruwa, jigo ya zama tarihi a wurare da yawa. Na biyu da ya fara a 2004 ya zo da sabon salo: manoma, masunta, makiyaya, mata masu sarrafa amfanin gona su haɗa ƙungiya, su zauna su faɗi abin da suke so, injin niƙa ne ko famfo ko gyaran hanyar kasuwa, a ba su kaso mafi yawa na kuɗin su kuma su cika sauran. Na uku ya game jihohi 36 da Abuja da dala miliyan 250. Na yarda Fadama ya yi abin kirki, kuma masu binciken da suka bi sawun kashi na biyu sun tarar kuɗin shigar waɗanda suka amfana ya ƙaru sosai. Amma akwai abu biyu da duk wanda ya zauna da mutanen karkara zai ji. Na ɗaya, kason da ake cewa ƙungiya ta kawo, wajen kashi 30 cikin ɗari, mai ɗan hali ne yake iya kawowa, don haka mafi talauci a gari yakan zama ɗan kallo ko a ari sunansa. Na biyu, ƙungiyoyi da yawa saboda kuɗin aka haife su. Ranar da aka ji shirin zai zo aka tara sunaye, ɗan'uwan kansila ya zama shugaba, ranar da shirin ya nade tabarmarsa ƙungiyar ta bi shi. Injin niƙan yana nan a zauren wani, ya lalace ko ya zama nasa.

Bayan annobar korona aka kawo shirin NG-CARES, dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da su a Disambar 2020, kuma ɓangaren abincinsa ta ofisoshin Fadama ya bi. A riƙa tunawa, kuɗin nan ko da sun isa hannun manomi a matsayin kyauta, a kan ƙasa bashi ne, jikokinmu za su biya. Shi kuwa shirin bashin manoma na Babban Banki da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015, an zuba masa fiye da naira tiriliyan ɗaya. Da aka zo maganar biya, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 kacal aka dawo da su zuwa farkon 2023, Babban Banki ya ce a'a, kashi 52 ne. Ko wanne aka ɗauka, kusan rabin kuɗin ko fiye ba su dawo ba, dalar shinkafar da aka gina a Abuja a 2022 kuma ba ta hana kwano tashi ba. Kusan duk waɗannan shirye-shiryen hankalinsu yana kan a noma da yawa. Kaɗan ne suka tsaya suka tambayi abin da yake faruwa da hatsin bayan an sheƙe shi.

A ɓangaren ƙungiyoyin agaji kuma wata matsalar ce daban. Ka duba yadda ake neman tallafinsu. Sanarwa tana fita a intanet da Turanci. Ana son rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta Abuja, asusun banki da sunan ƙungiya, rahoton mai binciken kuɗi na shekara biyu ko uku, da takardar neman tallafi mai shafi ashirin cike da kalmomin da sai wanda ya saba yake gane su. Wace ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli a Gezawa ce za ta iya wannan? Waɗanda suke iyawa su ne 'yan birni masu kwamfuta da suka ƙware a rubutun, wasu nagari ne masu aiki tsakani da Allah, wasu kuma ƙungiyar tasu gaba ɗaya a cikin jaka take. Kafin kuɗin su sauka ƙasa an cire na mota, na ofis, na taron ƙara wa juna sani a otal, na alawus ɗin mahalarta, na allon da za a kafa a bakin gari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Su kansu masu bayarwa sun san da haka. A taron jin ƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 sun yi alkawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida. Abin da yake isa gare su kai tsaye har yau bai kama ƙafar wannan adadin ba.

Mu leƙa makwabta, domin abin da nake kira a yi ba mafarki ba ne, kuma da Hausa aka fara yin sa. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani ɗan shiri da matan karkara a yankin Maraɗi, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Ba a raba musu kuɗi ba. An ɗauki adashin da suka riga suka sani aka gyara masa zama: mata ashirin zuwa talatin, kowane mako kowa ta zuba abin da aka yanke, kuɗin a cikin akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, akwatin a ɗakin ta huɗu, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Mai buƙata ta ranta ta dawo da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye a fasa a raba. Abin da tallafin ya biya shi ne horo da mai zagayawa yana koyarwa na wasu watanni. Wannan tsarin daga Maraɗi ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane suna cikinsa. Abin da ya fi ja min hankali shi ne, ƙungiyoyi da yawa da suka yi ƙarfi da kansu suka fara sayen gero da kaka suna ajiyewa. Ba wanda ya rubuta musu takarda. Sun san watan da 'ya'yansu suke ramewa.

Kada a ce na ɓoye wani abu: rumbun al'umma, wanda a Nijar ake kira bankin hatsi ko bankin cimaka, yana da tarihin faɗuwa mai tsawo. Bayan farin shekarun 1970 da yunwar 1984 an gina dubbansu a ƙasashen Sahel, kuma da yawa sun mutu cikin 'yan shekaru. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. An kawo hatsin kyauta daga waje, don haka kowa ya ɗauke shi kayan gwamnati. An ba da bashi ga dangi da masu faɗa a ji, ba su biya ba, ba mai iya zuwa ƙofar gidan mai gari ya yi tuni. An sayar ƙasa da farashin da zai iya sake cika rumbun. Wani wurin ma'aji ya ci, wani wurin ƙwari suka ci. Duk wanda zai kawo maganar rumbun unguwa bai yi maganar waɗannan ba, yaudara yake yi.

Amma daga faɗuwar aka koyi gyara. Tun wajen 1999, da taimakon Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, manoman Nijar suka fara abin da suke kira warantaj, wato jinginar da hatsi. Da kaka manomi ya kawo buhunansa siton ƙungiya, a rubuta sunansa a jiki. A rufe da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun ƙaramin bankin da zai ba da rance. A ba shi kaso mafi yawa na darajar hatsin a farashin ranar, ya je ya kashe gobarar da take gabansa ko ya yi kiwo ko noman rani. Bayan wata biyar ko shida ya biya, a buɗe sito, ya ɗauki abinsa lokacin da ya yi daraja, ya ci ko ya sayar. Ka lura da bambancin. Hatsin yana da mai shi, don haka akwai idon da yake kansa. Ba mutum ɗaya da zai iya buɗe ƙofa da dare. Aikin tallafi a nan shi ne gina siton, horar da masu riƙe littafi, da tsaya wa bankin don ya yarda ya fara. (Masu damuwa da kuɗin ruwa, kuma damuwarsu tana kan hanya, ga bankunan da ba sa mu'amala da ruwa sun yi yawa a Najeriya yanzu, ga malaman da za su iya tsara yadda za a yi shi bisa shari'a. Wannan ba dalilin zama ba ne.)

Matsalar ƙwari ma an sami maganinta mai araha. Buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar bayan bincike da aka faro a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi a 2007, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba. A Kano ma ana yin sa. Ka tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, irin fiya-fiyar da 'yan kasuwa suke zubawa, kuma waken da Turawa suka ƙi mu ne muke cinye shi a garau-garau. Kuɗin otal na taro guda zai sayi irin wannan buhun ga ƙauye sukutum. Ban taɓa jin an yi bikin ƙaddamar da rabon buhun da ba komai a cikinsa ba, ina jin shi ya sa ba ya burge masu rabo.

A birni abin zai ɗan sauya kama. Talakan birni ba shi da hatsin jingina, amma yana da ƙungiyoyi da suka girmi kowane shiri: kwamitin masallaci, ƙungiyar unguwa da take gyara kwata da biyan 'yan sintiri, adashin matan Islamiyya, ƙungiyar masu Adaidaita Sahu, ta teloli, ta 'yan dako. Irin waɗannan in aka ba su jari sau ɗaya da kaka, su sayi masara da gero da wake a kasuwar ƙauye, su adana, su riƙa auna wa mambobi da marasa ƙarfin unguwa da kwano daga bazara zuwa sabon hatsi, a farashin da ya fi na kasuwa sauƙi amma ya isa a sake cika siton baɗi, to tallafin shekara ɗaya zai yi ta juyawa. Sharaɗina guda ne da ba zan sassauta ba: a ba ƙungiyar da take raye tun kafin a ji ƙamshin kuɗin. A ce ta kawo littafin da take rubuta karo-karonta na shekara biyu, ko da da ajami aka rubuta, ko da littafin 'yan makaranta ne da mai ya taɓa. Wannan littafin ya fi takardar rajista faɗin gaskiya. Kuma a fara da kaɗan. Ƙungiyar da ta saba juya dubu ɗari biyu in ka jibga mata miliyan ashirin ka kashe ta, ka kuma haɗa 'yan'uwa faɗa.

Na san abin da za a ce. Za a ce wannan ai ɓoye abinci ne, abin da malamai suke tsinewa a kan mumbari, abin da ya sa hukumar yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau a Fabrairun 2024. Ba ɗaya ba ne. Mai ɓoyewa yana riƙe kaya ne don farashi ya hau ya ci riba a kan mayunwata. Rumbun unguwa yana fito da kaya ne daidai lokacin da farashi ya hau, don ya sauko wa talaka. Hasali ma hatsi dole wani ya adana shi tsakanin kaka da kaka, tunda sau ɗaya ake girbi a shekara amma kullum ake ci. Abin tambaya kawai shi ne wa zai adana, kuma wa zai ci moriyar tazarar farashin.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne, ba kowace shekara farashi yake tashi ba. Mun gani a 2025. Bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, ga kuma amfanin gona ya yi kyau, masara da shinkafa suka faɗi warwas, waɗanda suka saya da tsada suka ajiye suka tafka asara, manoma suka yi ta kukan cewa buhun masara ba ya sayen buhun taki. Ƙungiyar da ta zuba duk jarinta a masara a irin wannan shekarar za ta ji jiki. Shi ya sa nake ganin tallafin wata goma sha biyu ba tallafi ba ne. A yi alkawarin shekara huɗu ko biyar, a ware wani abu a gefe na cike giɓin shekarar da kasuwa ta juya, a kuma hana su zuba komai a hatsi iri ɗaya. Abubuwan da suka kama ƙasa a yankin nan duk lokaci suka ci. Renon kututturen itatuwa a gona da aka faro a Maraɗi a 1983, an haɗa shi da rabon abinci a yunwar 1984, da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bari ne makwabta suka ga gonarsu ta fi, a hankali aka kwaikaya, har aka wayi gari ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, yawanci gawo da ire-irensa. Da mai ba da tallafin ya auna nasara a shekara ta biyu da ya rubuta cewa an faɗi.

Sai maganar tsaro, wadda ba ni da amsa mai daɗi a kanta. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja, inda 'yan bindiga suke sa wa manomi haraji kafin ya shuka da kafin ya girbe, suke ƙona rumbuna, tara hatsin gari a sito guda kiran ɓarawo ne. A irin wuraren nan sai dai a ajiye a hedikwatar ƙaramar hukuma ko garin da yake da jami'an tsaro, wani wurin ma ba abin da zai yi aiki sai agajin gaggawa. Haka nan yaron da tamowa ta riga ta kama ba rumbu yake buƙata ba, asibiti yake buƙata da abincin nan na musamman, yau ba gobe ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka mutu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025. Ba zan taɓa cewa a cire ko kwabo daga wannan a kai wani wuri ba. Kuɗin da nake magana a kansu su ne na rabon gayya, na hoto, na buhu mai fuskar ɗan siyasa.

Kuma lokaci ya ƙure mana na jiran na waje. A Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin Amurka ga ƙasashen waje, zuwa Yuli hukumar agajin Amurka, USAID, ta rufe. A watan ne Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas za su rasa tallafinta saboda kuɗi sun ƙare, a shekarar da aka yi hasashen 'yan Najeriya miliyan 33 za su shiga matsananciyar yunwa da damina. Ingila da wasu ƙasashen Turai su ma sun rage. Abin da ya rage shi ne na gida, kuma na gida ba kaɗan ba ne. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kason da jihohi da ƙananan hukumomi suke samu daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ko da yake gwamnoni suna ta jan ƙafa. Ƙaramar hukuma mai mazaɓa goma ko goma sha ɗaya, a ce ta kasa gina sito ɗaya a kowace mazaɓa da jarin cika shi sau ɗaya cikin wa'adin shugaba guda? Jihohi suna kashe biliyoyi a ciyarwar azumi kowace shekara, wata guda, ta hannun 'yan kwangila. 'Yan majalisa suna da ayyukan mazaɓu. Ko kashi ɗaya cikin biyar na waɗannan aka karkatar, an fara.

Ga kuma zakka da wakafi. Zakkar hatsi da kaka ake fitar da ita, ɗaya bisa goma ga noman damina, rabin haka ga na ban ruwa, kuma masarautu irin su Dutse sun daɗe da kwamitocin da suke tattara ta dami-dami da buhu-buhu. Zakka tana da masu ita da Alƙur'ani ya ambata, ba jarin kasuwanci ba ce, yadda za a tsara lokacin rabonta kuma magana ce ta malamai. Wakafi shi ne ƙofar da take buɗe. Attajirinmu ya saba gina masallaci, wani lokaci a layin da yake da uku. Da zai gina sito ya cika shi da gero ya yi wakafinsa ga unguwar da ya taso, da sharaɗin a sayar da sauƙi a sake cikawa, ladan yana gudana kamar na rijiya. Hukumar zakka da wakafi ta Sakkwato da takwarorinta na wasu jihohi za su iya zama masu sa ido.

Batun sa ido kuwa, na fi yarda da idon unguwa a kan rahoton da ake aikawa Abuja. Duk ƙungiyar da ta karɓi tallafi, a rubuta a bangon siton da Hausa, boko da ajami: nawa aka karɓa, ranar da aka karɓa, buhu nawa aka saya, a wace kasuwa, a kan nawa, nawa ya rage. A karanta shi a bainar jama'a duk wata uku, ranar kasuwa ko bayan sallar Juma'a, a kuma karanta wa mata a inda suke taruwa, tunda su suka san abin da yake shiga tukunya. Makullai su rabu a hannun mutum uku da ba gida ɗaya suka fito ba, aƙalla ɗaya mace. Mai unguwa da kansila su zama shaidu, kada su riƙe makulli, kada su riƙe littafi. Kada a ba kowa bashi daga siton, ko limamin gari ne. Wanda ba shi da ko na saye, wannan hakkin zakka da sadaka ne, a yi masa asusu daban, kada a haɗa da jarin.

Abu na ƙarshe da yake kashe irin waɗannan shirye-shiryen tun kafin su fara shi ne kalandar ofis. Yawanci ana sa hannu a kasafin kuɗi a Disamba ko Janairu, takardu su yi ta yawo daga tebur zuwa tebur, kuɗi su fito a Yuni ko Yuli. Haka ake kawo wa manomi taki bayan dawa ta yi bunni. Tallafin rumbu in bai shiga asusun ƙungiya kafin ƙarshen Satumba ba, gara a riƙe shi sai baɗi, domin hatsin da aka saya a Yuni an riga an biya ribar da ake son kauce wa. Duk hukuma ko gidauniyar da take son gwada wannan, ta zaɓi ƙungiyoyinta da bazara, ta horar da masu littafi da damina, a gyara sito a sayi buhuna kafin gero ya nuna, kuɗi kuma su sauka a makon da sabon hatsi ya fara shiga kasuwa.